Intanet da Binciken Zamantakewa a Dutsin-Ma da Kurfi

Kimiyyar zamantakewa fanni ne da ke nazarin zaman jama'a: kasuwancinsu, siyasarsu, aure da gado, da yadda arziki ke zagayawa a tsakaninsu. An daɗe ana irin wannan bincike a ƙasar Katsina. Baturiyar nan Polly Hill ta yi zama a Batagarawa tana nazarin gonaki da rumbunan manoma, ta fitar da littafinta Rural Hausa a Kambirij a 1972. Yusufu Bala Usman ya wallafa tarihin sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 a maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello a 1981. Alhaji Amadu Kurfi, Maradin Katsina, wanda ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO, ya rubuta littafi kan zaɓukan 1959 da 1979. Amma shekara da shekaru, mai neman irin waɗannan ayyuka sai ya yi tattaki zuwa laburaren Kashim Ibrahim a Zariya ko Gidan Arewa a Kaduna.

Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, a garin da tuni yake da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, buƙatar ta ƙaru. Sabuwar jami'a ba ta gaji tulin mujallun shekara hamsin kamar tsofaffin jami'o'i ba, don haka ɗaliban tattalin arziki da kimiyyar siyasa suka dogara da intanet.

Hanyoyin suna da yawa. AJOL, wadda ta fara a 1998, tana tattara ɗaruruwan mujallun ilimi na Afirka wuri guda, kuma na Najeriya suna kan gaba wajen yawa. A 2006 JSTOR ta yafe wa makarantun Afirka kuɗin shiga taskarta, muddin makaranta ta yi rajista. CODESRIA, majalisar masana zamantakewa da aka kafa a Dakar a 1973, tana sakin littattafai da mujallunta da dama kyauta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana ɗora alkaluman farashin abinci jiha-jiha.

A aikace, yawancin karatun a waya ake yin sa. Ɗaliba mai rubuta kundi kan rikicin manoma da makiyaya takan laluba Google Scholar, ta ci karo da maƙalar da take nema, ta latsa, sai shafin ya nemi dala talatin ko fiye kafin ya buɗe. Idan ta dace da wadda aka saki kyauta, sai ta sauke, ta tura wa 'yan ajinsu a WhatsApp, wani ya kai shagon fotokwafi a buga. Wutar lantarki da kuɗin data su ne ke yanke iyakar wannan karatu. Akwai kuma mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da masana sun tace ba, kuma sabon ɗalibi ba ya saurin bambance tsaki da tsakuwa.

Matsalar tsaro ma ta taɓa yanke hanyar baki ɗaya. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, sai a Disamba aka fara maido su.

Babban giɓin da ya rage shi ne harshe. Kusan duk binciken da Ingilishi ake rubuta shi, alhali manomin Kurfi ko masuncin dam ɗin Zobe da aka zauna aka yi wa tambayoyi da Hausa ya amsa. Haƙƙinsa ne ya ji abin da aka gano. Kundayen digiri da dama kuma suna jibge a kantocin sassan jami'o'i, kwafi ɗaya ko biyu. Jami'ar Ahmadu Bello ta riga ta ɗora dubban nata a intanet. Idan makarantun Dutsin-Ma suka ɗora nasu da taƙaitawar shafi guda da Hausa, malamin sakandare, kansila da ɗan jaridar rediyo duk za su iya amfani da su.