Kuben hamata: amfaninsa da illarsa ga mai ɗaukar ƙaramar bindiga

Tun da satar mutane don neman kuɗin fansa ta bazu daga Zamfara zuwa gabashin Sakkwato, har ta tsallako iyaka, zancen makami ya shiga hirar fatake da ma'aikata a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela. Jama'a ba su manta da watan Oktoba na 2020 ba, lokacin da ƴan bindiga suka ɗauke wani Ba'amurke a ƙauyen Masalata kusa da Ƙonni, sai a arewacin Najeriya sojojin Amurka suka ƙwato shi. Ga jandarma da ɗan duwan da ɗan sandan farin kaya, da farar hula ƙalilan da hukuma ta ba izini, akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali rai na iya rataya a kanta: a wane wuri na jiki ya kamata bindigar ta zauna?

Ɗaya daga cikin amsoshin shi ne kuben hamata, wato maɗaurin fata ko na roba da ake sanyawa a kafaɗu biyu, bindiga ta kwanta ƙarƙashin hamatar hagu, gidajen harsashi kuma a dama. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin kakanninmu da hamila suke rataya takobi a kafaɗa. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta raba irin wannan kube ga matuƙa jiragen sama da na tankokin yaƙi, saboda aikinsu a zaune yake cikin matsatsin wuri. Daga baya finafinai suka ƙara masa farin jini.

Amfaninsa na farko ga matafiyi ne. Daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400, kuma wanda ya ɗaura bindiga a ƙugu zai yi wannan tafiya tana danne masa kwiɓi, kujera da ɗamarar mota sun tare ta. A hamata kuwa hannu yana kaiwa gare ta ko mutum yana zaune. Na biyu, suturarmu. Bindiga cike da harsashi tana kai kilo ɗaya, wandonmu na gargajiya kuwa mazagi ke riƙe shi, ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Kuben hamata yana raba nauyin a kafaɗu, babbar riga kuma, da yake gefenta a buɗe yake, tana rufe shi ba tare da ta hana hannu shiga ba.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Illa mafi girma ita ce inda bakin bindigar yake kallo. A kuben da ke kwance, bakin yana fuskantar wanda ke bayanka: fasinjan kujerar baya a motar haya, yaron da ka goya a kan babur, ko mutumin da ke sahu na baya a masallaci. Wajen zaro ta kuma, bakin yakan bi ta kan damtsen hagu, inda babbar jijiyar jini take. Idan yatsa ya riga hankali, jini na iya ƙarewa kafin a kai mutum asibitin Galmi ko na Ƙonni. Wannan ne ya sa masu koyar da harbi da yawa ba sa yarda sabon shiga ya yi atisaye da shi a cikin jama'a.

Akwai kuma jinkiri, domin hannu sai ya ƙetare ƙirji, kuma abokin gaba da ke kusa yana iya danne wannan hannu da nasa. Mariƙin bindigar ma gaba yake kallo, wato wanda ke fuskantarka yana iya kai masa hannu kamar yadda kai za ka kai. Mai sanye da kaftani rufaffe, shi kam sai ya ɗaga rigar tukuna.

Yanayin ƙasarmu shi ma yana da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Ƙonni. Kuben hamata yana bukatar riga ta sama da za ta rufe shi, hamata kuwa matattarar gumi ce, gishirin gumi yana cin ƙarfe, yana ruɓar da fata. Da hunturu kuma ƙura ke shiga. Mai wannan kube dole ya goge bindigarsa ya shafa mata mai a kai a kai, in ba haka ba ranar bukata ta ƙi tashi.

Sai batun doka, wanda ya fi kube muhimmanci. A Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, kuma tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar CNCCAI don tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. A ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone makamai a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Izinin Nijar kuma ba ya aiki a Illela ta Najeriya, inda dokar makamai ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga cikin waɗanda aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ɗan kasuwar albasa da ya tsallaka da ita a hamata ya jefa kansa cikin babban laifi, ko da takardunsa na gida cikakku ne.

Saboda haka, masu karatu, kuben hamata ya dace da jami'in da ke yini a mota, wanda ya samu horo, ya kuma zaɓi irin wanda bakin bindiga ke kallon ƙasa, mai rufe kunamar gaba ɗaya. Ga mai yawo a ƙasa cikin cunkoson kasuwa, na ƙugu ya fi aminci. Falke kuma ya tuna cewa ƴan fashin yau da manyan bindigogi suke zuwa, su da yawa. Barin tafiyar dare, da tura kuɗi ta banki ko kamfanonin aika kuɗi maimakon ɗaukarsu a jaka, sun fi tsare dukiya da rai. Allah ya kiyaye hanya, amin.