Abin Da Fuskar Yarima Ke Faɗi

A gidan adana kayan tarihi na birnin Vienna, ƙasar Ostiriya, akwai wani hoton fenti wanda Diego Velazquez, mai zanen fadar Sifaniya, ya yi a shekarar 1659. Hoton Yarima Felipe Prospero ne, ɗan Sarki Felipe na 4, yana ɗan kimanin shekara biyu.

An so hoton ya nuna magajin gadon sarauta, domin wansa, Baltasar Carlos, ya rasu tun 1646, kuma fada duka ta ɗora begenta a kan wannan yaro. To, amma mai karatu, in ka ƙura wa hoton ido, rauni za ka tarar. Fuskar ta koɗe, babu murmushi, idanu sun yi zuru-zuru. Hannunsa na dama a sake yake bisa kujera, inda wani ɗan kwikwiyo ya kwantar da kai yana kallon tausayi. A jikin rigarsa an rataya ƙararrawa da layun tsari, yadda uwa kan ɗaura wa ɗa mai laulayi. Bayansa kuwa duhu ne.

Masana sukan haɗa waɗannan alamu su karanta zullumin iyaye, domin shi yaron bai san nauyin da aka aza masa ba.

Yarima ya rasu ran 1 ga Nuwamba, 1661, bai cika shekara huɗu ba. Velazquez bai ga wannan rana ba, gama ya riga shi a 1660. Abin da idonsa ya gani a fuskar yaron, shi ya zana.