Ummu Aiman, Matar da Ta Dawo da Maraya Makka

A wani ƙauye mai suna Abwa'u, a kan hanyar Madina zuwa Makka, ciwo ya kayar da Nana Amina 'yar Wahabu, kuma ba ta tashi ba. Wajen shekara ta 576 ne a lissafin Miladiyya. Nan aka haƙa mata kabari aka rufe ta, ɗanta Muhammadu (SAW) yana da shekara 6 a duniya. Mahaifinsa Abdullahi kuwa ya rasu tun yana ciki. Suna kan hanyar komowa ne daga Yasriba, garin da daga baya ya zama Madina, inda suka yi wata guda a wurin Banu Najjar, dangin kakansa Abdulmuɗɗalibi ta wajen uwa, kuma inda kabarin Abdullahi yake. Da raƙuma biyu suka fito. Ibnu Sa'ad ya kawo a littafinsa na Ɗabaƙat cewa wadda ta koma da yaron Makka a kan waɗannan raƙuman ita ce baiwar gidan, Bahabashiya, mai suna Baraka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis a tsakiyar bazara, raƙuma sun gurfana a cikin rairayi, rana tana dukan ƙeya, zai iya kwatanta kaɗan daga abin da ta sha. Tsakanin Abwa'u da Makka ya fi tsakanin Gumel da Kano nisa, babu kuka babu darbejiya da za a fake a ƙarƙashinta, sai dutse da rairayi da ruwan salka da ake aunawa. Ga ta matashiya, baƙuwa a ƙasar Larabawa, ta baro uwargijiyarta a cikin ƙasa, ga yaron da ya ga an binne mahaifiyarsa da idonsa. Haka ta riƙe shi har ta damƙa shi a hannun kakansa.

Sunanta Baraka 'yar Sa'alaba. Baiwar Abdullahi ce, kuma da ya rasu aka lissafa abin da ya bar wa ɗansa: raƙuma biyar, da ɗan garken dabbobi, da ita. A cikin kayan gado aka ƙirga ta, wannan shi ne matsayin da Makkar wancan zamani ta ba ta. Imam Zuhri ya ce, kamar yadda yake a Sahihu Muslim, tun da Amina ta haihu Baraka ce take rainon yaron har ya girma. In aka ɗebe shekarun da ya yi a ƙauyen Banu Sa'ad wajen Halimatus Sa'adiyya, kusan babu wata gaɓa ta rayuwarsa da za a leƙa ba a same ta a kusa ba.

Abdulmuɗɗalibi ya san amanar da take hannunta, har yakan ja mata kunne kada ta yi sakaci da yaron. Shekara biyu kacal tsohon ya ƙara, shi ma rai ya yi halinsa. Daga bakin Baraka aka ji cewa a ranar ta ga yaron, ɗan shekara 8, yana kuka a bayan makarar kakansa. Riƙo ya koma gidan baffansa Abu Ɗalibi, raino kuwa bai bar hannunta ba.

Da ya kai shekara 25 ya auri Nana Khadija, sai ya 'yanta ta. Ta auri Ubaidu ɗan Zaidu, mutumin ƙabilar Khazraj, ta haifa masa ɗa aka sa masa Aiman, daga nan alkunyar Ummu Aiman ta bi ta har ta rufe sunanta na yanka. Tana cikin na farko-farkon da suka karɓi Musulunci. Ina ganin a nan akwai abin lura. Mai raino ta san yaro ciki da bai: ta san kukansa da fushinsa, ta san ranar da ya yi gaskiya da ranar da ya kauce. Wadda ta yi wa mutum wanka yana ƙarami ita ce mafi wuyar shawo kai ta yarda cewa wahayi yake saukar masa. Ummu Aiman ta yarda, domin ta fi kowa daɗewa tana kallonsa.

Bayan Ubaidu, an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wa sahabbansa duk mai son ya auri mace 'yar aljanna ya auri Ummu Aiman. Wanda ya amsa shi ne Zaidu ɗan Harisa, shi ma tsohon bawa da Annabi ya 'yanta ya riƙe kamar ɗa. Su ne suka haifi Usama.

Da lokacin Hijira ya zo, da ƙafa ta tashi daga Makka zuwa Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400, ba abin hawa, ba wani guzurin kirki. Ibnu Sa'ad ya ruwaito cewa tana azumi ƙishirwa ta kusa kashe ta a kusa da Rauha'u. Da rana ta faɗi sai ta ji motsi a saman kanta, ta ɗaga ido ta ga guga a rataye da farar igiya. Ta sha har ta ƙoshi. Ta ce tun daga ranar ba ta ƙara jin ƙishirwa ba, ko da ta yi azumi a ranar da zafi ya fi tsanani.

A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, wato 625, tana cikin matan da suke kai ruwa suna jinyar waɗanda aka raunata. Da sahun Musulmi ya watse, wasu suka juya suka nufi gari, ita ce ta tare su tana watsa musu ƙasa a fuska, tana ce musu su karɓi mazari su je su yi kaɗi, su ba ta takobin. Tana cikin shayar da masu rauni wani mai suna Hibbanu ɗan Ariƙa ya harbe ta da kibiya, ta faɗi, tufafinta ya yaye, shi kuwa ya tsaya yana ƙyaƙyata dariya. Abin ya sosa ran Annabi (SAW) ƙwarai. Ya miƙa wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wata kibiya marar kai ya ce ya harba. Ta sami Hibbanu a wuya, ya faɗi rigingine. Annabi ya yi dariya, ya ce Sa'adu ya rama mata.

Amma in ana son a ga ainihin matsayinta, a cikin gida za a duba. Labarai biyu ne, duka daga bakin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi hidima shekara 10.

Na farko yana cikin Sahihu Muslim. Anas ya ce wata rana ya raka Annabi (SAW) gidan Ummu Aiman, ta miƙo masa abin sha a ƙwarya, bai karɓa ba, ko dai yana azumi ko kuma ba ya buƙata. Sai ta hau shi da faɗa, tana ɗaga murya tana mita. A duba wanda ake yi wa wannan faɗan: mutumin da manyan sahabbai suke sunkuyar da kai a gabansa, wanda aka hana muminai ɗaga murya a kan tasa. Ita kuwa tana ganin yaron da ta raina ne ya shigo ɗakinta ya ƙi taɓa abin da ta ba shi. Anas bai ce ya tsawata mata ba, kuma bai daina zuwa gidanta ba.

Na biyu Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Lokacin da Muhajirai suka iso Madina hannu rabbana, mutanen gari sun ba su aron itatuwan dabino su riƙa cin amfaninsu. Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas, ta ba Annabi wasu nata, shi kuma ya ba Ummu Aiman. Da Allah Ya buɗa wa Musulmi bayan an gama da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, aka fara mayar wa masu dabino kayansu. Mutanen gidan su Anas suka aike shi ya roƙi nasu, Annabi ya ba shi. Labari ya kai kunnen Ummu Aiman. Ta zo ta naɗa wa Anas mayafi a wuya, ta rantse da Allah ba za a ba shi ba, tun da ita aka riga aka ba. Annabi ya ce ta saki, za a ba ta kaza a madadinsu. Ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Ya ƙara, ta ƙi. Ya yi ta ƙarawa tana rantsuwa, har sai da ya ba ta ninki goma ko kusa da haka, sannan ta haƙura.

A shari'a dabinon na Ummu Sulaim ne, aro aka bayar, kuma Annabi ya mayar mata da abinta cif. Kalma ɗaya ta isa ya sa Ummu Aiman ta yi shiru, amma bai faɗe ta ba. Ya zaɓi ya biya daga nasa har ranta ya yi fari. Haka ɗa na gari yake yi da uwa in ta kafe: ba ya tauye haƙƙin wani saboda ita, ba ya kuma kunyata ta a gaban mutane. An ruwaito cewa yakan kira ta da uwa, in ya dube ta kuma ya ce ita ce ta rage masa a mutanen gidansu.

Ba ta tsira daga bakin mutane ba. Usama ya ɗebo launin mahaifiyarsa, baƙi ne ƙirin, Zaidu kuwa fari ne tas, sai masu tsegumi suka riƙa sukar nasabarsa. Kowa ya san wadda wannan magana take nufi da sara. Nana A'isha ta ce wata rana Annabi (SAW) ya shigo mata fuskarsa tana walƙiya don murna. Ashe Mujazziz, mutumin Banu Mudlij, gwanin gane dangantaka ta sawu da kamanni, shi ne ya tarar da Zaidu da Usama a kwance sun lulluɓe kawunansu da mayafi, ƙafafu kawai a waje, ya ce waɗannan ƙafafu jini ɗaya ne. Wannan yaron da aka yi wa gorin launi shi ne Annabi ya goya a bayan taguwarsa ranar da aka buɗe Makka a shekara ta 8, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka shiga ɗakin Ka'aba tare da shi, shi da Bilal da Usmanu ɗan Ɗalha.

Wannan shekara ta 8 ita ce ta fi kowace nauyi a kanta. A cikinta mijinta Zaidu ya yi shahada a Mu'uta, cikin ƙasar Jordan ta yau, yana riƙe da tutar runduna. Watanni kaɗan bayan haka, a kwarin Hunaini, Hawazinawa suka yi wa Musulmi kwanton ɓauna, mutane suka tarwatse. Ɗanta Aiman yana cikin 'yan tsirarun da suka tsaya ƙyam a gefen Annabi, a nan aka kashe shi. Miji da ɗan fari a shekara guda.

Saura Usama. A shekara ta 11 Annabi (SAW) ya naɗa shi shugaban rundunar da za ta nufi Sham, bai cika shekara 20 ba, alhali a cikinta akwai dattawan sahabbai. Suna sansani a Jurfu, a bayan Madina, yana shirin hawa, sai ga ɗan aiken mahaifiyarsa da saƙon cewa Manzon Allah yana gargarar barin duniya. Ranar Litinin ce, cikin Rabi'ul Awwal, watan Yunin 632. Matar da ta karɓe shi yana jinjiri, ta tsaya da shi a bakin kabarin mahaifiyarsa, ita ce ta rayu ta ga ranar wafatinsa yana da shekara 63.

Bayan rasuwar, Sayyidina Abubakar ya ce wa Sayyidina Umar su je su ziyarci Ummu Aiman kamar yadda Manzon Allah yake ziyartarta. Suna isa ta fashe da kuka. Suka shiga rarrashinta, suna tuna mata cewa abin da yake wurin Allah ya fi alheri ga Manzonsa. Ta ce ta san da haka sarai, ita abin da ya sa ta kuka shi ne wahayi ya yanke daga sama. Su da suka zo ba da haƙuri sai ga su suna kuka tare da ita. Ko cewa ta yi ɗanta take yi wa kuka, babu mai ganin laifinta. Amma ta hango asarar da ta fi tata girma, wadda ta shafi kowa, kuma ta faɗe ta a gaban mutum biyun da za su jagoranci al'umma.

Zuhri ya ce wata biyar ta ƙara bayan Annabi. Waƙidi kuwa ya ce ta kai farkon halifancin Sayyidina Usmanu, har ta yi kukan kisan Umar. Allah Ya ƙara mata yarda. Shekaru bayan haka, Abdullahi ɗan Umar ya ga wani saurayi yana salla bai cika ruku'u da sujada ba, ya ce ya sake. Da saurayin ya tafi ya tambaya ko wane ne, aka ce Hajjaju ne, ɗan Aiman, jikan Ummu Aiman. Sai ya ce da Manzon Allah ya ga wannan yaro da ya so shi, ya shiga ba da labarin irin son da Annabi yake yi wa duk zuriyarta.

A Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan da aka goya yaro a bayan da ba na mahaifiyarsa ba. Uwa ta rasu wajen haihuwa, ko aure ya mutu, sai kaka ko gwaggo ko inna ko kishiyar uwa ta ɗauki zane ta goya. Wata ma ba dangin iya ba na baba, maƙwabciya ce ko mai aikin gida. Yaro yakan girma ya zama wani abu, ranar biki a zaunar da dangin jini a gaba, mai goyo tana can bayan gida wajen murhu. In kana cikin waɗanda aka raina haka, kuma wadda ta raine ka tana da rai, ka taka da ƙafarka ka je ka gaishe ta, kada ka aiki yaro. In ta kawo maka fura ka sha, in ta yi maka faɗa ka sunkuyar da kai.