Tsadar Rumfa A Kasuwannin Ikko: Ina Makomar 'Yan Kasuwar Arewa?

Duk ɗan Arewa da ke neman abincinsa a kasuwannin Ikko ya san babu maganar da ta fi damun jama'a a 'yan shekarun nan kamar ta rumfa. Kuɗin haya yana hawa kowace shekara, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, sa'an nan ga fargabar a wayi gari a tarar da takardar tashi a manne a bakin kasuwa. Wannan damuwa ta haɗa mai kayan gwari a Mil 12, da mai raguna a Alaba Rago, da mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege.

Dalilan Tsada

Dalili na farko shi ne ƙarancin fili. Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa cikin jihohin Nijeriya 36, kuma ruwa ya cinye wani babban sashe nata, amma kullum jama'a sai tuɗaɗowa suke yi. Kasuwar da aka kafa a bayan gari shekaru 40 da suka wuce, yau ta zama tsakiyar gari, kuma idon masu kuɗi yana kan filinta.

Na biyu shi ne tsadar gini. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekara, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa ga lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Wanda ya ci bashin banki ya gina shaguna, ba wurin kowa zai fanshe kuɗinsa ba sai wurin ɗan haya.

Kasuwar Zamani

Bisa ga Tsarin Mulki na 1999, kafa kasuwanni da kula da su aikin ƙananan hukumomi ne. To, amma da yake yawancinsu ba su da ƙarfin gini, sai su ƙulla yarjejeniya da 'yan kwangila, a rushe tsohuwar kasuwa, a gina benaye, ɗan kwangila ya sayar ko ya ba da hayar shaguna har ya mayar da kuɗinsa da riba. A nan ne ƙaramin ɗan kasuwa yake shan kashi.

Kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta isa misali. Gobara ta cinye ta a watan Disamba na 2007, aka sake gina ta aka buɗe a 2014. Gini ya yi kyau ƙwarai, amma kuɗin da aka yanka wa shagunan ya fi ƙarfin da yawa daga cikin waɗanda gobarar ta shafa, har shaguna masu yawa suka daɗe a rufe, masu tsofaffin rumfuna kuwa suna talla a gefen titi. Kasuwar Oyingbo kuma an rushe ta a 1991, ba a buɗe sabuwar ba sai 2015, watau shekara 24. A Oshodi, an rushe kasuwar Owonifari a watan Janairu na 2016.

Waɗannan kasuwanni ba na 'yan Arewa ba ne kaɗai, hasali ma ba su ne suka fi yawa a cikinsu ba. Amma masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bugu da ƙari, shagon bene ba ya yi wa mai tumatir da albasa amfani. Abin da yake bukata shi ne filin da tirela za ta shiga ta juya, da inuwar da zai jera kwanduna, da wurin kwanan 'yan dako.

Abin Da Doka Ta Ce

Da yawa daga cikin 'yan kasuwa suna tsammanin daɗewa a wuri ita ce mallaka. Ba haka doka ta tsara ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Shi ke ba da takardar shaidar riƙon fili, galibi ta shekara 99, kuma yana da ikon soke ta idan bukatar jama'a ta taso. In an soke, diyyar da ake biya ta ginin da ke kan filin ce da sauran gyaran da aka yi masa. Wanda ba shi da komai a hannu sai rasidin kuɗin rumfa na wata-wata, da wuya ya sami abin kamawa a gaban alƙali.

Ga masu hayar shaguna a gidajen mutane kuwa, Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta haramta wa mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara 1 daga sabon ɗan haya, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3 ga wanda ya saɓa. Ta ce in babu wata yarjejeniya dabam, ɗan hayar shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, na wata-wata kuwa wata 1. An keɓe Apapa, da Ikoyi, da Tsibirin Biktoriya, da unguwar Turawa ta Ikeja daga wannan doka. Sai dai wanda ya matsu da neman shago ba kasafai yake tsayawa jayayya da mai gida ba.

Aikin Ƙungiyoyi

Haɗin kan fatake a Kurmi ba sabon abu ba ne. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916, masu masauki ne ke sauke fataken shanu da na goro, su ajiye musu kaya, su tsaya musu wajen bashi, Sarkin Hausawa kuma yana raba gardama. Ƙungiyoyin kasuwa na yau su ne magadan wannan tsari. A kasuwa irin Mil 12 kowane sashe yana da shugabanninsa, na masu doya dabam, na masu kayan gwari dabam. Su ke karɓar kuɗin ƙungiya, su tsara sauke kaya, su sasanta dillali da mai kaya, su taimaka wajen jana'iza, su kuma zauna da shugabannin kasuwa na Yarabawa da jami'an gwamnati.

An ga amfaninsu a lokutan wahala. A watan Maris na 2016, bayan rikicin da ya jawo hasarar rayuka a Mil 12, Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar, ya kuma bayyana shirin mayar da ita Imota, can gaba da Ikorodu. Sai da shugabannin kasuwa da na unguwa suka zauna aka yi sulhu kafin a buɗe ta. A watan Oktoba na 2023 an sake rufe ta na 'yan kwanaki saboda ƙazanta, kuma 'yan kasuwar ne suka fito suka yi shara kafin a cire kwaɗo.

A watan Fabrairu na 2021 kuma, bayan an ƙone rumfuna da gidaje a kasuwar Shasha ta Badun, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Safarar Kayan Abinci da Dabbobi ta Nijeriya ta dakatar da kai kaya Kudu. Motoci suka tsaya a Jebba, nama da tumatir suka yi tsada a Ikko. Amma fa manoman Arewa ma sun ji jiki, domin kayan gwari ba ya jira, ya yi ta ruɓewa a hannunsu. An janye yajin a farkon watan Maris bayan Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani. Wannan yaji ya nuna ƙarfin 'yan kasuwa, sai dai bai ba kowa takardar fili ba. A watan Mayu na 2022 gwamnatin jiha ta ba mazauna Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi.

Abin Da Ke Gaba

Alamu sun nuna cinikin sari zai ci gaba da matsawa bayan gari. A 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da ginin babbar cibiyar tara kayan abinci a Ketu-Ereyun cikin yankin Epe, a watan Disamba na 2023 kuma ya buɗe wata ƙarama a Idi-Oro ta Mushin. Duk inda aka gina irin wannan wuri, sai an raba rumfuna, kuma wanda ba ya cikin lissafi tun farko zai saya daga hannun 'yan kamasho da tsada.

Saboda haka akwai aiki a gaban shugabanni. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta yarda ƙungiya ta yi rajista da amintattunta, ta mallaki fili da sunanta, ta kuma kai ƙara kotu. Ya kamata kowace ƙungiya ta yi wannan rajista, ta rubuta sunan kowane mai rumfa da lambar rumfarsa, ta ɗauki lauya tun kafin rigima ta taso. In za a sake gina kasuwa, a nemi rubutacciyar yarjejeniya cewa tsofaffin masu rumfa ne za a fara ba wuri, a kan kuɗin da aka faɗa, da wurin da za su zauna kafin a gama gini. Kuɗin da ake karɓa a kan kowace mota da ta sauke kaya kuwa, in an riƙe shi da amana ana karanta wa 'yan ƙungiya lissafinsa, zai iya sayen fili a bayan gari tun bai yi tsada ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.