Layi biyu, rami ɗaya: yadda ake raba lodin intanet a Aboabo

Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a yankin gaɓar Kwaddibuwa. Tamale na da nisan kimanin kilomita 600 daga Akara, amma har kasuwar Aboabo da ke cikin garin abin ya iso, domin dillalin masara ko doya yanzu ta WhatsApp yake tura wa mai saye na Kumasi hoton kaya. Layukan MTN da Telecel suka yi rauni ƙwarai, na AT ya fi su tsayawa, jama'a kuwa suka yi ca a kan sim ɗinsa.

Wannan ya ƙarfafa ɗabi'ar da dama akwai ta, wato riƙe layi fiye da ɗaya. Ɗan kasuwa da hannu yake sauya sim. Mai shagon kwamfuta ko ƙaramin ofis kan sa na'urar rarraba intanet, irin ta MikroTik, ta riƙa raba lodin da ke fita tsakanin kamfanoni biyu, mai ƙarfi ya ɗauki kaso mafi tsoka, in ɗaya ya mutu ɗayan ya kwashe duka. Zuwan Starlink Gana a 2024 ya ƙara hanya ta uku ga mai hali.

Amfanin a bayyane yake. Matsalar ita ce kowane layi da adireshinsa. In na'urar ta fara hulɗa da banki ta MTN, sannan ta karkata ta Telecel ana tsakiyar aiki, bankin na iya zaton wani ne daban, ya rufe ƙofa. Shi ya sa masu gyara ke ɗaure kowace hulɗa a layi guda har ta ƙare, abin da ke sa rabon ba ya taɓa zama daidai wa daida. Kuma abin da ke fita kaɗai mai shago ke da iko a kai. Sarrafa abin da ke shigowa sai mai lambar hanyar sadarwa ta kansa daga AFRINIC, hukumar da ke raba irin waɗannan lambobi a Afirka, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Ga kuɗin data biyu, wani lokaci wa'adin ɗaya ya ƙare ba a cinye shi ba.

A ganina babban kuskuren shi ne ƙirga sunayen kamfanoni maimakon hanyoyin da wayoyinsu suka bi. Kamfanoni biyu na iya binne waya a gefen titi ɗaya daga kudu zuwa Tamale, katafilar ɗan kwangila ta tsinke su lokaci guda, kamfanonin kuwa sun daɗe suna kuka da masu aikin titi kan haka. Wayar gabashin ƙasar da aka kammala a 2015, daga Ho zuwa Bawku da reshe daga Yendi zuwa Tamale, ita ce irin hanyar da ta bambanta da gaske, sai dai mai shago a Aboabo ba shi da ta cewa kan ko kamfaninsa na bi ta nan.