Askin Kuturu Ba Tare da Cin Lada Ba

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karin maganar ta tona mana asiri: ba a kusantar mai wannan ciwo sai da dalili mai ƙarfi, kuma dalilin bai wuce abin hannu ba. Duk mai son ya gane abin da Kirista ke nufi da hidima saboda ƙauna, gara ya fara dubawa daga nan, domin a ƙasar Hausa an gan ta a fili a jikin masu kuturta.

Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan burki a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba. Ƙofar ba ta buɗe sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da aka danƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM kula da sansanonin masu kuturta: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Tun 1929 Ikilisiyar 'Yan'uwa ta buɗe nata kusa da Garkida. A Nijar, SIM ta kafa asibitin Galmi a 1950, sannan cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi ta biyo baya.

A shekarun farko babu maganin da ke warkarwa tsaf. Allurar man wani itace na ƙasar Indiya ake yi, mai zafi, amfaninta kaɗan. Aikin gaske shi ne na ƙafa da hannu. Ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, saboda haka mace sai ta sauke tukunya daga murhu, yatsunta su ƙone ba ta sani ba. Ƙaya ta shiga tafin ƙafar manomi, ya yini yana takawa, kafin mako ya zagayo ta zama gyambo. Yawancin dungulmin da ake gani daga irin wannan rauni yake. Don haka kullum da safe sai wani ya tsuguna, ya jiƙa ƙafar a kwano, ya kankare kantar da ta taurare, ya wanke ruɓar, ya shafa mai, ya naɗe da bandeji. Gobe ma haka, jibi ma haka. Masu wannan tsugunon galibi ba likitocin da tarihi ya riƙe sunayensu ba ne. 'Yan ƙasa ne, malaman asibiti da masu ɗaurin miki, cikinsu har da waɗanda suka zo jinya suka samu sauƙi suka zauna.

Tushen abin yana cikin Littafi Mai Tsarki. Bisharar Yohanna sura 13 ta ba da labarin daren da Yesu ya yi ɗamara da tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a wancan zamani na bawa ne, har Bitrus ya so ya ƙi. Ni kuwa labarin da ya fi jan hankalina shi ne na Ayyukan Manzanni sura 6, don ba shi da ado. Gunaguni ne ya tashi a ikilisiyar Urushalima: gwauraye mata na masu jin Helenanci ba sa samun kasonsu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanus, aka ɗora musu rabon, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, abin da ke nuna daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗauko su. Ashe ƙaunar ma sai da tsari, da lissafi, da wanda za a tuhuma idan kwano bai isa ba.

Akwai zargin da ba zan tsallake ba. Tun wancan lokaci Musulmi da dama suna kallon asibitin mishan a matsayin tarko, a ba ka magani a karɓe maka addini. Zargin yana da madogara, domin 'yan mishan ba su ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba, kuma ana wa'azi a harabar asibiti. Sai dai a ganina ma'aunin a bayyane yake. Idan majinyaci ya ji wa'azin ya ce shi yana nan kan addininsa, za a wanke masa ƙafa gobe kamar yadda aka wanke jiya? Inda amsar ta zama e, hidima ce. Inda fuska ta sauya, ciniki ake yi. Dubban Musulmi sun yi jinya a Galmi da Asibitin Ido na ECWA a Kano, sun koma gida da sallarsu, suna kuma turo 'yan'uwansu. Matan da yoyon fitsari ya raba da gidajen aurensu har yanzu suna zuwa asibitin Jankwano a Jos da Danja a yi musu aiki.

Yau nauyin hidimar ya fi sauka a kan Zumuntar Mata ta ikilisiya. An fi sanin su da anko da waƙa ranar Lahadi, amma je ka gidan rasuwa da asuba. Su ne a bakin murhu, wata na tuƙa tuwo, wata na jan ruwa, wata zaune kusa da mai takaba ba ta cewa komai. Su ke tara 'yan kuɗi a ɗauri sabulu da gero a kai wa mai jego, su ke kwana da marar lafiyar da danginsa ke nesa. A wasu ikilisiyoyi kuwa, in an zo karanta rahoton baiko, kuɗin gini da na bikin karrama manyan baƙi sun ninka na gwauraye da marayu, kuma dattawa ba sa jin kunyar karantawa. Ana rububin kujerar gaba, jerin masu ziyarar asibiti kuwa kullum mutum huɗu ne ko biyar, su ɗin dai.

Kuturta ma ba ta tafi ba. Tun 1995 ake ba da haɗin maganinta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin wata shida zuwa shekara ƙwayar ta mutu, kuma wanda ya fara shan magani ba ya harbin kowa. Amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Wanda ya warke yana bukatar takalmi mai laushin ciki, da mai duba masa tafin ƙafa, da maƙwabcin da zai sayi ƙosan matarsa. Najeriya har yanzu tana cikin ƙasashen da ake samun sababbin masu kamuwa kowace shekara, kuma da yawansu ba sa zuwa asibiti sai yatsu sun fara lanƙwashewa, don tsoron abin da gari zai ce.