Miriam Makeba: Muryar da Wariyar Launin Fata ta Kasa Toshewa

An haifi mawaƙiya Miriam Makeba a Johannesburg a 1932. Tun tana jaririya ta ɗanɗani gidan yari, domin an ɗaure mahaifiyarta wata shida tana goye da ita.

Ta bar Afirka ta Kudu a 1959. Da mahaifiyarta ta rasu a 1960, ta nemi komawa jana'iza, sai ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke fasfonta. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta tona asirin zaluncin da ake wa baƙar fata, aka ƙwace mata takardar zama 'yar ƙasa.

Me ya riƙe ta? Ta ƙi yar da harshenta. Da yarukan Xhosa da Zulu ta rera waƙa har ta ci kyautar Grammy a 1966 tare da mawaƙi Harry Belafonte. Da Amurka, inda take zaune a lokacin, ta juya mata baya bayan aurenta da ɗan gwagwarmayar baƙar fata Stokely Carmichael, ƙasar Gini ta karɓe ta hannu biyu.

Ta koma gida a 1990, ta rasu a Italiya a 2008 jim kaɗan bayan ta sauka daga dandamali. Har yau Mama Afirka ake ce mata.